Daga Gidan Baya Zuwa Gidan Gaba: Yadda Rage Hanya Ya Kusa Kashe Wani Aure a Zariya

Wata Asabar, gari bai gama wayewa ba, 'yar ƙanwata ta yi sallama a gidana da ke Tudun Wada, goyo a baya, jaka ɗaya a hannu, idanu sun kumbura. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Kawu, na zo." Ban tambaye ta komai ba. Na ce wa mai ɗakina ta shiga da ita ciki, ta dama mata koko. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, a hannuna ta tashi, shi ya sa da ta yi yaji nan ta nufo.

Da izinin ita da mijinta nake rubuta wannan, na kuma cire sunaye da duk abin da zai sa a gane su. Kwana 19 na yi ina kai da kawo a kan lamarin, kuma abin da na gani a cikinsa ya fi ƙarfin gida ɗaya.

Ita malamar sakandare ce, tana koyarwa a wata makaranta ta ɓangaren Samaru, gidan aurenta kuma yana cikin birni, ta wajen Ƙofar Doka. Shekararsu tara da aure, 'ya'ya uku. Mijin ma'aikaci ne a Kaduna. A da kullum yake zuwa ya dawo, kamar yadda Zagezagi da yawa suke yi, don tafiyar ba ta wuce kilomita 80 ba. Na ukun a labarin abokin aikinta ne, wanda suka yi aji ɗaya da shi a Jami'ar Ahmadu Bello. Tare suka zauna a gida lokacin dogon yajin aikin malaman jami'a na 2013, tare suka koma, tare suka gama. Yana da mata da 'ya'ya. Mijinta ya san shi, har ɗaurin aurensu ya halarta. Shekara da shekaru babu abin da ke tsakaninsu sai gaisuwa a ɗakin malamai da aron alli.

Abin da ya sauya komai ba daga zuciyar kowa ya faro ba, daga gidan mai ya faro. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Gidan nan ya ji abin ta fuska biyu. Mijin ya lissafa kuɗin mota ya ga albashinsa ba zai ɗauki zuwa da dawowa ba, sai ya nemi wurin kwana a Kaduna, yana tafiya Litinin ya dawo Juma'a. Ita kuma daga Ƙofar Doka zuwa Samaru hawa biyu ne, wani lokaci uku, kuɗin keke da bas suka fara cinye rabin abin da take samu. Sai abokin aikin nan, da yake yana da 'yar motarsa kuma hanyarsu ɗaya, ya ce zai riƙa rage musu hanya ita da wasu malamai mata biyu, a yi karo-karon mai a ƙarshen wata.

Ta faɗa wa mijinta, ya amince, har ya kira mutumin ya yi masa godiya. Wannan ya kamata a riƙe shi da kyau, domin daga baya dangin mijin sun yi ta magana kamar a ɓoye aka fara. Ba a ɓoye aka fara ba.

Mata uku a gidan baya, mai mota shi kaɗai a gaba. Haka aka yi zango guda. Sai ɗaya ta tafi hutun haihuwa. Ɗayar kuma gidansu ya koma Hanwa, saboda haka da yamma ita ake fara saukewa. Daga nan har a haye Kwangila, a bi ta PZ, a ratsa Tudun Wada zuwa birni, su biyu ne rak a cikin motar. Wata rana ya ce mata cikin raha, ai shi ba direbanta ba ne, ta dawo gidan gaba. Ta dawo. Mijin yana can da labarin mata uku a kansa, ba wanda ya gyara masa lissafi.

Da na tambaye ta a ina yake sauke ta, sai ta sunkuyar da kai. Da farko a ƙofar gida. Bayan sun koma su biyu, ta ce ya riƙa ajiye ta a bakin titi, ta ƙarasa lungunsu da ƙafa.

"Saboda me?"

"Kada mutane su yi magana, Kawu."

Na ce mata, 'yata, ranar da kika ce a sauke ki a bakin titi, ranar zuciyarki ta yi miki fatawa, ba ki saurara ba. A hadisin Nawwas ɗan Sam'an da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ce zunubi shi ne abin da ya sosu a ƙirjinka, ka kuma ƙi mutane su gani. Ban san wani ma'auni da ya fi wannan dacewa da irin wannan hulɗa ba, kuma shi na riƙe tun daga farkon sulhun har ƙarshensa. Malamai sun yi bayani a kan ko mota a tsakiyar gari da rana tsaka keɓewa ce, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta. Ni dai abin da na sani, idan an ɗage gilashi, mutanen titi suna ganin fuska ne kawai, ba sa jin abin da ake faɗa. Kuma rabin sa'a kullum, kwana biyar a mako, hira ba za ta tsaya a kan makin ɗalibai ba. Yau da gobe ba ta bar komai ba.

Daga mota hirar ta koma waya. Da ma suna cikin zauren WhatsApp na malaman makarantar, da na tsofaffin 'yan ajinsu. Yanzu sai aka buɗe na su biyu. "Kin isa lafiya?" Sai "Ya jikin yaron?" Sai saƙon murya. Ranar da ƙaramin ɗanta ya yi zazzaɓi cikin dare, ta kira mijinta sau biyu bai ɗauka ba, wannan mutumin ne ya faɗa mata kemis ɗin da yake buɗe, ya kuma kira da safe. Ranar da uwar mijinta ta yi mata faɗa a kan tana barin yara wurin maƙwabta, shi ta faɗa wa. Ranar da kuɗin cefane ya ƙare tun Laraba, shi ta faɗa wa. Yana saurare, yana ba ta haƙuri, wani lokaci ya ce, "Mace irinki ba ta cancanci haka ba." Ta gaya mini da bakinta cewa ta kai matsayin da idan wani abu ya faru a gida, kafin ta gama jin zafinsa har ta fara tsara yadda za ta ba shi labari gobe a mota. Sannan, don kada sunan namiji ya riƙa fitowa a fuskar wayar idan maigida yana nan, ta canza sunan da ta ajiye lambarsa da shi, ta sa sunan mace.

Daren Juma'ar da abin ya fashe, mijin ya dawo a gajiye, an kawo wuta wajen sha ɗaya, ta sa wayarta a caji a falo ta shiga goge kayan yara. Wayar ta yi haske a gefensa. Sunan mace ne, saƙon kuwa cewa yake: "Ya dawo? Kar ki sa damuwarsa a ranki, ki ci abinci." Ya ɗauki wayar ya shiga banɗaki ya kulle, ya karanta hirar wata huɗu. Ya ɗauki hotunanta ya tura wa kansa. Kafin ya fito ya tura wa yayarsa mace. Da ya fito, a gaban babbar 'yarsu da hayaniya ta tasa daga barci, ya kira matarsa da sunan da ba zan rubuta ba.

Na karanta hirar nan gaba ɗaya, su biyun suna zaune, da yardarta. Babu kalmar soyayya ko ɗaya a ciki, babu hoton da bai dace ba, babu alƙawarin haɗuwa a wani wuri. Na yarda da rantsuwarta cewa ko hannunta bai taɓa riƙewa ba. Amma kuma na ga sirrin gidan mutum a shimfiɗe kamar an shanya hatsi: nawa ne albashinsa, wa yake binsa bashi, me uwarsa ta ce, har da daren da ya juya mata baya. Shi kansa mijin, da hankalinsa ya dawo, ya ce mini, "Kawu, wallahi ba zargin ne ya fi ci mini rai ba. Mutumin nan ya san ni tsirara, ni kuma ina yi masa godiya." Na fahimce shi. Allah ya kira ma'aurata tufa ga juna a Suratul Baƙara, aya ta 187, aikin tufa kuwa rufe abin da ke ciki.

Akwai wani abu da na daɗe ina lura da shi a harshenmu. Mace tana da ƙawa, tana da aminiya, tana da uwar ɗaki, a da har da yayar rana da ƙanwar rana, duk mata. Namiji yana da aboki da amini. Idan kuwa hulɗar ta haɗa namiji da mace da ba muharramai ba, sai Bahaushe ya ɗaure ta a jikin wani turke: abokin aiki, abokiyar karatu, abokin ciniki, abokin wasa. Kullum akwai abin da ya haɗa, kuma idan an tashi daga aikin ko cinikin, kowa ya kama gabansa. Kakanninmu ba su hana mace sayar wa namiji fura ko ƙuli ba, ba su hana taubasai tsokanar juna a gidan biki a gaban jama'a ba. Abotar da ba ta da turke ce ba su raɗa wa suna ba, sai yanzu da yaranmu suka aro mata "besti". Hulɗar 'yata da wannan bawan Allah da turkenta ta fara, wato aiki da hanya. Sannu a hankali ta tsinke igiya, ba wanda ya lura da ranar.

Na nemi ganin abokin aikin. Muka haɗu bayan La'asar a wani masallaci a Sabon Gari, muka zauna a baranda. Mutum ne mai ladabi, ya cire takalmi ya tsugunna ya gaishe ni, amma a fuskarsa ka ga wanda yake jin an zalunce shi.

"Baba, wallahi tallahi ƙanwata na ɗauke ta. Taimako ne kawai."

Na ce na yarda taimako ne ya fara. Na tambaye shi ko iyalinsa ta san da wannan hirar ta dare. Ya yi shiru. Na ce idan na karɓi wayarka yanzu na miƙa mata, za ka zauna lafiya? Ya kalli tabarma. Sai na yi masa tambayar da ta kawo ni: da mijin nan ya sake ta, bayan ta gama idda, me za ka yi? Ya ce, "Haba Baba," amma sai da ya ɗauki lokaci kafin ya faɗa, ni da shi duk mun ji tsawon wannan shirun. Na karanta masa hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa ba ya cikinmu wanda ya ɓata zuciyar mace a kan mijinta. Na gaya masa malamanmu na Malikiyya sun ɗauki abin da zafi, har suka ce wanda ya lalata auren mace don ya aure ta, a raba auren nasa. Ba sai ka ce mata ta fito ba. "Mace irinki ba ta cancanci haka ba," idan ana maimaita shi wata huɗu, yana yin aikin da zuga ba ta yi. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ban ɗauke shi mugu ba, har yau. Mutum ne da ya ji daɗin a ce shi ne mai fahimta, jin daɗin nan kuwa yana da haɗari ga namiji fiye da yadda muke zato.

Zaman da ya fi wuya shi ne na mijin. Ya zo da wansa, wan kuma ya zo da hukuncinsa a aljihu: ta ajiye aiki, a karɓe wayar, sannan a yi maganar komawa. Na bar su suka gama. Sannan na ce wa mijin, tun da kai ka karanta tata, ba ni taka in miƙa mata. Ya dafe aljihu.

Da ƙyar maganar ta fito. A ofishinsu na Kaduna akwai wata bazawara da take aiko masa da abinci a kula, tun da ya fara kwana can. Suna hira har dare. Daren da ɗansa ke zazzaɓi aka kira shi sau biyu, yana kan waya ne da ita. Shi ma "ƙanwata" yake ce mata. Da na matsa, sai ya kawo hujjar da na ji a bakin maza ba adadi: "Ai ni namiji ne, Kawu, ko aurenta na ga dama zan iya yi."

Wannan magana ta ɓata mini rai, kuma na nuna masa. A Suratun Nur, umarnin runtse ido maza aka fara yi wa a aya ta 30, sannan mata a ta 31. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Abbas ma namiji ya ambata: kada wani namiji ya keɓe da mace sai da muharraminta. Damar ƙara aure gaskiya ce, amma tana da ƙofa, wato waliyyi da sadaki da shaidu. Ba lasisi ba ne na hirar sha biyun dare da matar da ba ka nemi aurenta ba. In aurenta kake so, ka tura magabata. In ba ka so, kana riƙe da zuciyar baiwar Allah ne a banza, kana kuma hana matarka kunnen da take da haƙƙi a kansa. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango nata.

Sannan na dawo kan abin da ya yi a daren. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana yawan zato ta hana bin diddigi. Ko mun yi masa uzuri a kan buɗe wayar, tun da saƙon ne ya zo gabansa, babu uzuri a tura wa yayarsa. Kalmar da ya jefe ta da ita kuwa, shari'a ba ta ɗauke ta faɗan miji da mata ba. Wanda ya jefi kamilar mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ne a aya ta 4 ta Suratun Nur, idan kuma miji ne ya dage, sai li'ani, wanda ke raba aure har abada. Na tambaye shi ko a shirye yake ya rantse sau huɗu, ya kira wa kansa la'ana a ta biyar. Jikinsa ya yi sanyi. Ya ce shi bai ga komai ba, fushi ne. Magana zarar bunu ce, ga shi 'yarsa mai shekara takwas ta ji, kuma a cikin birni, inda kowa ya san gidan kowa da asalin kowa, abin da ya shiga wayar mace ɗaya a dangi ya riga ya fita ƙofar gari.

Batun ajiye aiki ban yarda da shi ba, na kuma faɗa wa wan haka a fili. Da albashinta ake biyan kuɗin makarantar yara biyu. Ban da wannan, garin nan da karatu aka san shi: jami'a tun 1962, ga babbar makarantar horar da malamai, ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, ga asibitin koyarwa a Shika. Mu ne muke cewa muna son malama mace ta koyar da 'ya'yanmu mata, likita mace ta duba iyalinmu. Ba za mu so haka ba, sannan duk ranar da aka samu matsala mu ce mace ta koma ɗaki. Dole maza da mata su haɗu a wurin aiki, abin da ake buƙata shi ne sanin inda ake tsayawa. Na tuna musu Annabi Musa (AS) a rijiyar Madyana, cikin Suratul Ƙasas: ya ga mata biyu suna jira, ya tambaye su, ya shayar musu da dabbobi, sannan ya juya ya koma inuwa. Da ɗayarsu ta dawo kiransa, gidan mahaifinta ta kai shi. Na kuma tuna wa 'yata daren da Manzon Allah (SAW) yake raka matarsa Safiyya daga masallaci, sahabbai biyu suka wuce da sauri, ya tsayar da su ya ce Safiyya ce. Wanda ya fi kowa tsarki ya bayyana abin da ba laifi ba ne don kada zato ya shiga, ita kuwa ta ɓoye abin da take cewa ba laifi ba ne.

A zama na ƙarshe mun bi abin da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara, mutum ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata. Baffansa ne ya zauna a madadin wan, na ji daɗin haka, don dattijo ne mai sanyin baki. Ita ta nemi gafarar mijinta a kan fitar da sirrinsa da canza sunan nan. Shi ya janye kalmarsa a gabanmu, muka sa shi ya sake janye ta a gaban 'yarsu, ya kuma je da ƙafarsa ya gaya wa yayarsa cewa ƙarya ya yi wa matarsa. An daina shiga motar. Ita da malamai mata uku sun ɗauki mai keke ɗaya na wata-wata, mijin ne ke biyan rabin kasonta. Lambar abokin aikin ta koma sunansa na gaskiya, maganar aiki kuma a zauren malamai ake yinta. Kular Kaduna ta daina zuwa, shi ma ya nuna wa matarsa saƙon da ya rufe maganar da shi. Ya ɗauki alƙawarin kira kullum bayan Isha'i, da kwana a gida ranar Laraba duk makon da aljihu ya yarda. Ya zo biko da baffan nasa, ta koma.

Daren da za ta koma, na ji tana kuka a ɗakin mai ɗakina. Ba kukan nadama kaɗai ba ne. Ta ce, "Inna, yanzu wa zan gaya wa?" Wannan tambaya ta tsaya mini a rai, domin ta nuna cewa duk abin da muka rufe, ramin da ya jawo shi yana nan. Ƙawayenta na ƙuruciya aure ya watsa su, wata Kano, wata Funtuwa. Tsakanin makaranta da girki da yara ko Islamiyyar matan aure ta daina zuwa. Mai ɗakina ta ce mata ƙofarta a buɗe take ko tsakar dare ne, ta kuma matsa mata ta koma Islamiyyar ranar Asabar da Lahadi, ta koma.

Kwanan baya ta zo gaishe mu. Na tambaye ta kiran Isha'i, ta ce yana kira. Makonnin farko, in an gama ya yara, ya gas, ya jikin Hajiya, sai su yi shiru har ɗaya ya ce sai da safe. Wani dare shugabar makarantarsu ta ɓata mata rai, ta riƙe abin tun rana har ya kira, ta ba shi labari, ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ta me ta ce mata. Ta ce sun fi minti arba'in a ranar. Abokin aikin suna gaisawa a ɗakin malamai, iyakarta ke nan. Yayar mijin dai har yanzu ba ta taka gidan ba, kuma a wani suna da aka yi a dangi, da 'yata ta shiga ɗakin mata, hira ta tsaya.